Furen Kiyoto da Furen Dutse

A shekarar 1993 wani masanin rayuwar al'ummomi na Jami'ar Kambirij, Jack Goody, ya fitar da littafi a kan matsayin furanni a wurin mutanen duniya, ya kuma buɗe shi da tambayar da ta shafe mu kai tsaye: me ya sa Afirka ta kudu da Sahara ba ta damu da fure ba? Ya daɗe yana bincike a arewacin Gana, kuma a iya ganinsa ba a shuka fure don kyansa kawai, ba a tsinka a miƙa wa baƙo, ba a kai shi wurin ibada. Dalilin da ya bayar shi ne fure kayan alatu ne, yana bunƙasa inda noman garma da rubutu suka tara rarar dukiya har aka sami masu hutun da za su zauna kallonsa. Bahaushen da ya ji wannan zai so ya musa, sai dai karin maganarsa zai riga shi ba da shaida: ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Al'ummar da ta ɗauki fure ta yi misalin ƙarya da shi ta riga ta faɗi inda ta ajiye shi. Duk da haka ina ganin hukuncin ya yi gaggawa, kuma tarihin garuruwa biyu ya isa ya nuna hakan: Kiyoto, inda aka haifi fasahar jera furanni da Japanawa ke kira ikebana, da Dutse, wadda dabino ya zame mata tambari. Abin da tarihin biyun ke nunawa shi ne fasahar fure tana tsirowa ne inda aka ware wa fure wurin zama a cikin ɗaki, aka kuma sami masu koyar da yadda za a zaunar da shi. Dutse ta san fure, ta kuma san jeren ɗakin amarya, amma tarihi ya ba kowannensu hanyarsa daban.

Addinin Buda ya shiga Japan daga Koriya a tsakiyar ƙarni na 6, ya zo da al'adar ajiye furanni a gaban gunki. Ƙarnoni da yawa abin bai wuce haka ba, hidima ce ta masu kula da ɗakin bauta, kamar shara da kunna turare. A tsakiyar Kiyoto akwai wani ɗakin bauta mai kusurwa shida, Rokkakudo, wanda masu hidimarsa ke zaune a gefen wani tafki, su ne gidan Ikenobo. A shekarar 1462 wani malamin Buda ya rubuta a littafin da yake adana abubuwan yau da kullum cewa Ikenobo Senkei ya jera furanni a wani tulun zinariya, mutanen gari suka yi ta tururuwar zuwa kallo. Wannan rubutu shi ake ɗauka a matsayin shaida ta farko cewa fure ya tashi daga hadaya ya zama aikin gwani da ake ambaton sunan mai shi. Shekara ɗaya bayan nan, 1463, Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarautar Kano. Ke nan ba maganar wani zamani mai nisa ake yi ba, zamanin da ake gina Gidan Rumfa da kasuwar Kurmi ne.

Abin da ya raba furen da gunki canjin gini ne. A ƙarni na 15, zamanin shugaban mayaƙa Ashikaga Yoshimasa, manyan gidaje suka fara samun wani ɗan lungu a jikin bangon ɗakin baƙi, wanda daga baya aka san shi da tokonoma. Ba a zama a cikinsa, ba a ajiye kayan amfani. Zane ɗaya ake ratayawa, a ajiye tulu ɗaya a ƙasansa. Da fure ya sami wannan gurbi sai tambayoyi suka taso waɗanda mai hadaya bai taɓa yi ba: wane reshe zai fi tsawo, ina zai karkata, me za a cire, daga ina baƙo zai kalla. Amsoshin suka taru suka zama ilimi. Wajen 1542 Ikenobo Senno ya bar rubutacciyar koyarwa, inda ya nuna manufar ita ce a kawo duwatsu da ƙoramu cikin ɗan ruwa da ɗan reshe, kuma busasshen reshe ma yana da nasa kyan. Daga nan salon rikka ya kafu, mai manyan rassa bakwai, daga baya tara, kowanne yana wakiltar wani sashe na shimfiɗar ƙasa. Salo ne na fada da manyan gidaje, mai cin kuɗi da lokaci, kuma da tarihin ya tsaya a nan da Goody ya ci gari.

Bai tsaya ba. Sen no Rikyu, wanda ya rayu daga 1522 zuwa 1591, ɗan gidan 'yan kasuwa ne na garin Sakai, shi ne kuma babban malamin shan shayi na zamaninsa. Ya rage ɗakin shayi har ya koma faɗin tabarma biyu, ya ture tulunan Sin masu tsada ya yanki gora da hannunsa ya zuba ruwa, ya ce furen ɗakin shayi ya tsaya kamar yadda yake a jeji. Akwai labarin da Japanawa ke bayarwa, ko ya faru ko bai faru ba ya nuna abin da suke girmamawa: shugaba Toyotomi Hideyoshi ya ji labarin wata yaɗo mai buɗe fure da asuba ta cika lambun Rikyu, ya zo kallo, ya tarar an tsinke su kaf. Ya shiga ɗaki a fusace, sai ya ga guda ɗaya tak a lungun bango. Wannan yaɗo 'yar'uwar duman rafi ce, wanda ke malale a bakin kududdufanmu da furensa mai ruwan hoda da shuni, awaki ma ba su cika kula shi ba. Darasin da Rikyu ya bar wa ƙasarsa shi ne daraja tana ga zaɓi da ragewa, kuma tun daga zamaninsa fasahar ta daina dogara da arzikin mai ita.

Abin da ya biyo baya saukowa ce daga sama zuwa ƙasa. A zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, 'yan kasuwar birane suka rungumi salo mai sauƙi na rassa uku, wanda ake fassarawa da sama da ƙasa da mutum, makarantu suka yawaita, kowace da shugabanta na gado mai ba da shaidar ƙwarewa. Aikin maza ne a da. Bayan 1868 ya shiga tarbiyyar 'yan mata har suka zama su ne mafi yawa. A ƙarshen ƙarni na 19 Ohara Unshin ya ga furannin Turai masu gajeren kara ba sa zama a dogon tulu, sai ya koma faranti mai faɗi. A 1927 Teshigahara Sofu ya kafa makarantar Sogetsu a kan cewa kowa na iya yi, a ko'ina, da duk abin da ya samu. 'Yarsa Kasumi, wadda ta gaje shi a 1979 ta rasu a 1980, ita ta yi suna da ƙananan jere, waɗanda ke zama a tafin hannu. Mazubin na iya zama murfin kwalba ko ɗan ƙoƙon da bai fi babban yatsa ba. A zuba ɗigon ruwa, a yanke karan a cikin ruwa don kada iska ta toshe masa hanyar sha, a cire duk ganyen da zai nutse, a tsayar da fure ɗaya da ganye ɗaya ko zaren ciyawa, a bar sauran wurin fili. Tafiyar shekara ɗari biyar ke nan daga tulun zinariya zuwa murfin kwalba.

To ina Dutse take a lokacin da Senkei ke jera furanninsa? Gari ne mai sarki. Tarihin Kano ya ambaci cewa Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, ya auri 'yar Sarkin Dutse, kuma a zamaninsa ne aka buɗe hanyoyin fatauci daga Borno zuwa Gwanja, raƙuma suka shigo hannun sarakunan Hausa. A ƙarni na 18 wani shugaba mai suna Ada ya ƙarfafa garin a tsakanin duwatsunsa har sai da Sarkin Kano Kumbari ya fito yaƙarsa da kansa. Wannan ya rushe rabin bayanin Goody, domin ƙasar Kano tana da sarauta mai hawa-hawa, da attajirai, da malamai masu rubutu, da masu rini da dukanci da saƙa waɗanda kayansu ke ƙetare Sahara. Rarar dukiya da masu hutu ba su yi ƙaranci ba. Amma idon masu zane ya tafi wani wajen tun da daɗewa: zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, kudu da Dutse kaɗan, shanu ne ya fi yawa a cikinsa. A ƙasar da damina ke ɗaukar wata huɗu zuwa biyar sauran shekara rani ne, abin da ake auna arziki da shi dabba ce da rumbu, kuma tsiro yana samun girma ne gwargwadon abin da ya kai baki ko kasuwa.

A nan ne dabino ya shigo, kuma shi ne hujja mafi ƙarfi cewa mutanen Dutse sun san fure sani na ƙwarai. Abin da aka fi faɗa shi ne fatake da alhazai suka kawo shi daga arewacin Afirka da ƙasar Larabawa, ya sami gindin zama a ƙasa mai yashi da ruwa kusa a gindin duwatsu. Dabino bishiya ce mai namiji daban mace daban. Wanda ya shuka ƙwallo zai jira shekaru kafin fure ya bayyana masa wanne ya samu, kuma kusan rabi maza za su fito, shi ya sa gwanaye suka fi son cire ɗan da ya tsiro a gindin uwa mai kyau. Idan sanyin hunturu ya kama, kwanson furen ya tsage, namiji ya fito da zare-zare masu farin gari da ƙamshi, mace ta fito da nata masu ƙananan ƙwayoyi. Kwanakin da macen ke karɓa kaɗan ne. Iska na iya yin aikin, kuma da yawa suna barin mata, amma mai son nonon dabino ya cika sai ya hau, ya ratsa ƙayoyi, ya yanko zaren namiji, ya soka kaɗan a tsakiyar na macen a juye, ya ɗaure da ganye. Namiji ɗaya yana isar mata masu yawa idan aka yi haka. Ƙaramar tashar binciken dabino ta cibiyar NIFOR da ke Dutse tana koyar da wannan dabara, kasuwar Shuwarin kuma tana karɓar sakamakonta. Mutumin da zai duba launin kwanso ya san gobe zai tsage, ba za a ce masa bai san fure ba.

Haka abin yake idan aka sauko ƙasa. Jigawa na cikin jihohin da suka fi noman zoɓo, kuma abin da ake cika buhuna da shi a kai Maigatari, daga can ya nufi Meziko da Turai, kofin furen ne da ke kumbura ya yi ja bayan farin furen ya bushe ya faɗi. Ganyen a yi miya, 'ya'yan a yi daddawar batso. Jan furen gurjiya ana tsince shi a shanya gindinsa don miya mai yauƙi. Furen zogale da na yaɗiya suna shiga kwaɗo. Yara sun san zaƙin da ke cikin jan tuntun ɗorawa tun kafin ta yi kalwa. Manomi kuwa idan ya ga furen ƙuduji ya yi kyau a gonar dawa, gabansa faɗuwa yake yi, domin ya san abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa. Ilimin fure ne mai zurfi, yana da lokuta da sunaye, amma dukkansa ilimin aiki ne. Furen lalle kaɗai za a ce an so shi don ƙamshinsa, shi ma ganyen ne ya fi shi daraja.

Me ya hana wani ya tsinko ya ajiye a ɗaki don kallo? Ƙofar da fure ya bi ya shiga gidajen Japanawa ba ta nan. Musulunci ba shi da wurin hadaya a masallaci, ba a kai wa alƙibla komai sai fuska, kuma bayan jihadin farkon ƙarni na 19, lokacin da wasu jagorori biyu, Salihi da Musa, suka karɓi Dutse a ƙarƙashin tutar Shehu, duk abin da ya yi kama da ajiye kaya a gindin dutse ko bishiya ya ƙara zama abin ƙyama. Bautar gargajiya da ta rigaya kuwa jini da fura take nema. Amma Musulunci ya buɗe wa fure wata ƙofar. Malamai sun hana zana mai rai, sun halatta zana itatuwa da abin da ba shi da ruhi, kamar yadda aka ruwaito Ibn Abbas ya shawarci wani mai zane. Saboda haka furen da bai sami tulu ba ya sami bango da tufafi da takarda: ya shiga zayyanar allo da gefen Alƙur'ani rubutun hannu, ya hau huluna da bakin zane, ya gauraya da dagi a adon gini irin wanda aka san fadar Garu ta Sarkin Dutse da shi. Daga baya ya hau hannun amare, lokacin da ƙunshi ya tashi daga zura hannu a zunguru ya koma zane mai rassa da ganyaye. A ƙasar Hausa fure ya zama abin zanawa, wanda ba ya bushewa.

Gwanintar tsara abubuwa a ɗaki kuma ta tafi hannun mata, kuma tarihinta ya cancanci a rubuta shi da girmamawar da ake rubuta na Ikenobo. Kafin a kai amarya, 'yan'uwan uwa da na uba sukan riga ta zuwa su yi kafi da jere. A da ƙwarya ce da ƙoƙo da faifai, a kankare su yi fari ko a yi musu zane, a ɗora babba a ƙasa ƙarami a sama, a rataya wasu a ragaya. Masu hali suka ƙara da tasoshin tagulla. Zamanin Turawa ya kawo kwanukan fenti daga Turai da Hong Kong, kuma wajen 1960 aka fara ƙera su a Legas da Kano, sai langa da samira da fanteka da kwalla suka mamaye ɗakuna, aka riƙa kafa ƙananan faranti a bango sahu-sahu har rufi. Daga nan aka koma tangaran da kuloli a cikin kabad mai gilashi. Duk wanda ya san wannan aiki ya san yana da dokoki: wane launi ke bin wane, ina ido zai fara sauka idan an ɗaga labule, me za a ɓoye, me za a fito da shi. Yana da gwanaye da ake aikawa a ɗauko daga wata unguwa, yana da masu suka, wato matan da za su zo ganin ɗaki. Ga kuma abin da ya fi jan hankali: zanen da ke jikin yawancin kwanukan nan fure ne. Matan Dutse da Kiyawa da Jahun sun shekara da shekaru suna jera furanni a bango, furannin ƙarfe da fenti.

Furen shuka don ado ya makara zuwa Dutse, kuma dalilin a fili yake. Turawa sun ci Kano a 1903, suka kafa unguwanninsu da lambuna a manyan garuruwa, suka yaɗa darbejiya daga Borno tun wajen 1928. Layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930, ya bi ta Ringim da Malam Madori ya bar Dutse a gefe, ta ci gaba da zama garin hakimi a ƙarƙashin Kano. Sai ranar 27 ga Agusta 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka ba ta hedikwata, sannan ma'aikata suka taho da abin da suka saba gani a Kano da Kaduna. Tituna masu hannu biyu da shatale-tale suka zo da shuke-shuken gefen hanya, masu sayar da dashe suka kafa leda-ledarsu, aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1995 zuwa 2023, ya yi suna da son dashen itatuwa har da filin wasan golf. Amma a cikin ɗaki, gurbin da ya buɗe a kan teburin falo da saman talabijin fulawar roba ce ta cike shi, wadda ake shigowa da ita daga Sin, ta yi ƙura, rana ta cinye launinta, a ƙarshe ta tafi bola. Wannan ya nuna sha'awar tana nan, kuma wurin da Dutse ba ta ware wa fure ba a da, yanzu ta ware.

Mai suka zai ce na ja zaren da yawa. Hawan dabino noma ne, jeren kwano nunin arziki ne, kuma ruhin jere kishiyar ruhin Rikyu ne: ɗaya yana cika bango har babu masakar tsinke, ɗayan yana share lambu don fure guda. Gaskiya ne, kuma ba na cewa Dutse tana da ikebana da wani suna. A kan wannan gaɓa Goody bai yi kuskure ba. Sai dai ɗakin amarya ba shi kaɗai ne ma'aunin idon Bahaushe ba. A dubi babbar riga: faɗin yadi fari ko shuɗi an bar shi fili, aikin aska ya taru a gefe guda na ƙirji ya gangara aljihu, tambari ya tsaya a ɗaya gefen, ba a daidaita hagu da dama ba, kuma rashin daidaiton nan shi ne kyanta. Wannan ita ce ƙa'idar da mai koyon ikebana ke shan wahala kafin ya gane. A dubi zauren malami, daɓe a share, buzu ɗaya, buta, gafaka a rataye. Mutanen da suka ɗinka waccan riga suka share wannan zaure ba baƙi ba ne ga kyan da ke cikin ragewa. Japan ɗin ma tana da rikka mai cika ido a gefen furen ɗakin shayi.

Suka ta biyu ta fi nauyi a wurin mai karatu Musulmi: abin da ya faro a gaban gunki, yaya za a shigo da shi gida? Asalin ba abin ɓoyewa ba ne, kuma duk wanda ya ajiye fure da nufin bauta ya fita daga abin da ake magana a kai. Amma tarihin da ya gabata ya nuna fasahar ta bar ɗakin bauta tun ƙarni na 15, kuma abin da ya rage a makarantun yau sanin tsawo da karkata da yanka ne, kamar yadda takarda ta fito daga Sin aka rubuta Alƙur'ani a kanta. Musulmi ma ba su jira Japan ba. A Sahihu Muslim an ruwaito hanin mayar da kyautar tsiro mai ƙamshi, saboda sauƙin ɗaukarsa da daɗin ƙamshinsa. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta so furen tulib har aka sa wa shekarun 1718 zuwa 1730 sunansa, ta kuma cika bangon masallatanta da zanensa. Alhazanmu suna sayo turaren wardin Ɗa'ifa. Abin da malamai za su yi faɗa a kai shi ne almubazzaranci da kwaikwayon bukukuwan da ba namu ba, kuma reshe ɗaya a ƙoƙo bai kusanci ko ɗaya ba.

Suka ta uku ita ce talauci da ruwa: jihar da ke fama da kwararowar hamada da tsadar abinci, ina ta ga ta fure? Da ana maganar shimfiɗa korayen ciyayi da ban ruwa safe da yamma, ko sayo wardi daga Kenya a jirgin sama don bikin kwana ɗaya, da sukar ta zauna daram. Ƙaramin jere ba ya cin ruwan da ya kai na kurkure baki, kuma kayansa suna bayan gari kyauta, kowane lokaci da nasa. Da kaka ƙyasuwa na fitar da kai mai ja-ja, bado na buɗe a tafkuna. Da hunturu bagaruwa na yin ƙananan ƙwallaye rawaya, minjirya ta yi ja a kan rassa marasa ganye. Da bazara marga ta zubo da rawaya kamar an rataya mata, tumfafiya kuwa ba ta zaɓen lokaci, sai dai a kiyayi nononta. Akwai kuma kariya, ɗan itacen nan mai kumburarren gindi da ke fure ja da fari a tsakiyar rani. A nan an fi saninta da dafin ruwan jikinta, alhali a Tailan da Taiwan masu lambu sun mayar da ita sana'a, suna renonta a ƙananan tukwane, suna haɗa irinta, suna sayar wa duniya. Tsiron sahel ne, wasu ke cin kuɗinsa. Amfanin da ya fi kuɗi ma shi ne yaron da aka aika ya nemo reshe zai koyi sunan itacen da lokacin furensa, kuma da wuya ya girma ya sa masa gatari ba tare da ya yi tunani ba.

Abin da ya rage shi ne malami, domin shi ne ƙafa ta ƙarshe da Kiyoto ta samu Dutse ba ta samu ba. Ba sai an ɗauko shi daga Tokiyo ba. Masu koyar da ilimin tsirrai da gandun daji a Jami'ar Tarayya ta Dutse su tattara sunayen furannin yankin da watannin fitowarsu su buga da Hausa, su nuna masu dafi a cikinsu. Makarantun 'yan mata da cibiyoyin koyon sana'a su sa shi a darasin kula da gida, kamar yadda Japan ta yi bayan 1868. Maginan tukwane da masu gyaran ƙwarya su fito da ƙananan mazubai masu kunkuntar baki. Su kuwa gwanayen jere, waɗanda idonsu ya riga ya ƙware, idan an kira su ɗakin amarya na gaba su bar ɗan gurbi ɗaya a kan kabad ba tare da sun cika shi ba, su sa ƙoƙo da ruwa da reshen abin da ke fure a wannan makon.